Darakta da Tagar Shagon Katifa

Ranar da Darakta ya shigo da kwamfuta a hammata ya sanar da mu cewa zamanin zama a bakin ƙofa ana jiran mai saye ya wuce, ina zaune a bakin ƙofa, ƙanena yana gefena yana jiran mai saye.

Ƙanena katifa yake sayarwa tun muna da baƙin gashi. Shagon ɗaki ne dogo mai ƙofa ɗaya, babu taga, katifu jingine da bango hagu da dama cikin ledojinsu, matasai jere a kan katako can sama. Ni tun da na bar aiki, matata kuma ta rasu, a nan nake wuni, don gidana ya cika shiru. A shekarar da nake ba da labari wani ya buɗe shagon katifa daidai tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa, ya kafa jan allo mai faɗin gadon mutum biyu, da sunan shagonsa da lambar wayarsa. Muka sa masa suna Na-Tsallake. Masu saye suka fara ƙetarewa, har da waɗanda a kan katifar ƙanena aka yi renonsu. 'Ya'yan ƙanena suka taru suka ce ya rufe ya huta. Ya roƙe su su bar shi zuwa ƙarshen shekara, in ciniki bai dawo ba zai miƙa makulli da hannunsa. Ba ya tayar da zancen, amma na lura ya daina goge ƙurar katifun da ke can ƙurya.

Darakta mijin Auta ne, 'yar ƙanena ta ƙarshe. Shi ya raɗa wa kansa sunan, bayan ya ɗauki bidiyon wani taro wanda duk manyan baƙi suka fito daga wuya zuwa ƙasa. Kafin nan ya yi kiwon kifi, ya yi gyaran waya, a kowanne ya gano cewa mutanen garin ne ba su kai matsayinsa ba. Mutum ne mai tsabta, mai murya, ba ya mugunta, kuma ban taɓa jin ya ce bai san wani abu ba.

Ya buɗe kwamfutar a kan wata katifa ya nuna mana. A intanet akwai manhajar da masu shirya talla suke aiki da ita. Farin shafi ne mai gidaje jere kamar tagogin bene. A kowane gida sai ka ɗora zanen abin da kyamara za ta gani, mutum a nan, kujera a can, a ƙasa ka rubuta abin da za a faɗa. Ba sai ka iya zane ba, akwai zanuka a ajiye, ka ja ka dasa. In faɗi gaskiya abin ya burge ni. Aiki ne na mai hankali, ka ga fim ɗinka tun kafin ka tara jama'a. Malamanmu na mishan, da ba sa barin mu fara rubutu sai mun ja layi da rula, da sun so shi.

Darakta ya kira shafin Tsari, yana faɗin sunan kamar na wani babban alƙali. Labarin da ya tsara ba shi da laifi: a fara nuna gaban shago da sunansa, sai wani mai ciwon baya ya shigo yana dafe da ƙugu, ƙanena ya tarbe shi, ya kwanta a katifa, ya tashi garau.

"Abin da ke cikin gida shi ake ɗauka, Baba Babba," ya ce da ni. "Ba a ƙara tsinke, ba a rage tsinke. Duk wanda ya saɓa wa Tsari ɗan koyo ne."

Matsala ta farko ita ce, a manhajar ta kyauta zanen cikin shago guda ɗaya ne, kuma yana da ƙatuwar taga mai kallon titi. Na tambaya ko ba za a iya goge tagar daga zanen ba. Ya dube ni da tausayi, ya ce wanda ya zana ɗakin ya fi mu sanin yadda shago ya kamata ya kasance. Ƙanena ya ce katifa ba ta son rana, leda tana ƙonewa, soso yana rawaya. Darakta ya ce haske shi ne uwar fim. Da yamma Auta ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, ka bar shi ya gwada, ko sau ɗaya a ce ya yi wani abu ya fito." Ƙanena bai taɓa hana Auta komai ba. Washegari magini ya iso da guduma.

Bugu na farko ya zubo da matasai. Can wajen tsakiyar aiki guduma ta datse wata waya da ke cikin bango, wadda ashe ita ke kai wuta shagon Mai Aski da ke jikin namu. Ya fito da injin aski a hannu, bayansa wani mutum mai rabin kai a aske yana rufe ɗaya rabin da tafin hannu. Mai Aski ya tambaya wane ne injiniyan wannan aiki, don yana so ya ga fuskarsa da kyau kafin ya ɓata ta.

Darakta bai razana ba. Ya ja shi gefe ya buɗe masa Tsari, ya ce wannan titin yana gab da shiga idon duniya, ramin da ke bango kuma ƙofar arziki ce ga kowa. Mai Aski ya sauko, ya ce yana so ya riƙa gani a wayarsa. Kan ka ce me, Tela ya bar keken ɗinki ya zo, Mai Kemis ma ta kulle durowarta ta zo, kowa ya miƙo waya. Wajen tura musu hanyar shiga, manhajar ta nuna maɓalli biyu, ɗaya na wanda zai duba kawai, ɗaya na wanda zai iya gyarawa. Darakta ya danna na biyu. Ya ce ba zai ba manyan mutane ƙaramin maɓalli ba. Na-Tsallake kaɗai aka hana, don kada ya saci basira.

Da safe muka buɗe Tsari muka tarar da wani gida da ba mu bari ba jiya. Mai ciwon bayan, kafin ya kai ga katifa, ya zauna a kujera ana yi masa aski. A ƙasa an rubuta cewa barci ba ya daɗi da tarin suma. Darakta ya daɗe yana kallon gidan. Na tambaye shi yaushe ya zana wannan.

"Haka nake," ya ce. "Wani lokaci hannuna yakan riga ƙwaƙwalwata. Sai na tashi in tarar na yi abu, ni kaina in yi mamaki."

Mai Aski, da ya leƙo ta sabuwar taga, ya yi gyaran murya ya ce lallai baiwa daga Allah take.

Daga ranar hannun Darakta ya riƙa riga ƙwaƙwalwarsa kullum. Ya tashi ya tarar ya zana Tela yana auna mai ciwon baya don ɗinka masa rigar barci. Ya tashi ya tarar ya zana Mai Kemis tana miƙa masa man shafawa, ya shafa, ya miƙe tsaye garau tun daga bakin ƙofa. A nan ƙanena ya yi magana. Ya tambaya, in bayan mutumin ya warke tun a ƙofa, katifar me za ta yi masa.

"Za ta tabbatar, Baba," in ji Darakta.

Akwai wata mace a zanen da ke tsaye gefen katifa tana murmushi, Darakta har ya fara cigiyar wadda za ta fito a matsayinta. Ranar da Auta ta ari wayarsa, matar ta zama tukunyar fure. Ya bayyana mana cewa ya yi nazari ya ga tukunya ta fi zurfin ma'ana.

Manhajar ta kyauta tana da iyakar gidaje. In ta cika, duk wanda zai ƙara nasa sai ya goge na wani. Maƙwabtanmu mutane ne masu kunyar juna, ba wanda zai goge ɗan'uwansa mai sana'a da suke gaisawa kullum, sai dai in an ƙure. Don haka suka fara da gidajen da ba mai tsaronsu. Gidan gaban shago ne ya fara tafiya, don ba mutum a ciki. Sai gidan da ƙanena ke tarbar baƙo. Sai wanda yake danna katifa da hannu yana nuna ƙarfinta. Da waɗannan suka ƙare aka ƙure, Tela ya goge Mai Aski, Mai Aski ya dawo da kansa ya ninka girmansa, Mai Kemis ta dasa kwalabe a kowane lungu. Da rana sukan haɗu a bakin tagar su tambayi lafiyar iyalin juna. Darakta kuwa abin da ya ɗauka da safe sai ya sake shi da yamma, yana cewa babban mai fasaha ba ya gamsuwa da aikinsa.

Ni aikina riƙe farin kwali, in tsaya jikin taga in ba ta baya, in karkato haske zuwa fuskokin 'yan wasa. Darakta yana can ƙuryar shago da waya a kan sanda mai ƙafa uku, yana fuskantar taga kamar yadda zanen ya nuna, yana daka wa kowa tsawa har da tukunyar fure. Wani abokinsa direba ne ya fito a mai ciwon baya. Mutumin kirki ne. An yi masa aski sau da yawa har ba abin da ya rage a kansa sai ƙyalli, Mai Aski ya koma wasa da almakashi a iska. Duk lokacin da aka kwantar da shi a katifa kuma sai ya yi barcin gaske, da minshari, sai an girgiza shi. Ƙanena ya ce wannan ai ita ce tallar, a ɗauka haka. Darakta ya duba Tsari ya ce babu minshari a ciki.

Akwai gidan da direban zai fita da katifa a ka yana dariya. An maimaita shi har rana ta karkata, don dariyar ba ta kai faɗin ta zanen ba. A fita ta ƙarshe bayansa ya riƙe da gaske. Mai Kemis ta shafa masa man nan nata, bai tashi garau ba, aka sa shi a motarsa wani ya tuƙa shi gida. Saura gida ɗaya, na mai barci lulluɓe da zanen gado, ƙafafunsa kaɗai a waje. Darakta ya waiga ya ga surukinsa.

Ƙanena ya cire takalmi ya jera su, ya hau katifar. Kafin a lulluɓe shi ya ɗago kai ya tambaya a hankali, a ina za a ga sunan shagon.

"Tallar zamani ba ta faɗin suna, Baba. Wannan aikin masu shela ne. Kai dai ka kwanta, mai kallo shi zai nemo ka."

Aka ja zanen ya rufe masa fuska.

Ran Asabar da la'asar aka fito da babbar talabijin ta Mai Aski aka ɗora a tebur gaban shagonmu, aka jera bencuna. Titi ya cika. 'Ya'yan ƙanena sun zo da iyalansu sun tsaya daga baya, hannu a ƙirji. An gayyaci Na-Tsallake, Darakta ya ce a ba shi kujerar gaba don ya ga ƙarshensa da kyau. Na-Tsallake ya zo da fara'arsa, mutum ne mai ƙiba mai son a gaishe shi, ya zauna kusa da ƙanena.

Darakta ya yi jawabi. Ya ce akwai masu yin fim, akwai kuma waɗanda fim ke yin kansa ta hannunsu. Ya ce don kada a ɓata lokaci, tun da safe ya saki bidiyon a intanet, ya tura wa duk wata lamba da ke wayarsa, ya roƙi kowa ya tura gaba, don haka manyan kamfanoni suke yi. Sannan ya danna.

Abin da ni ban sani ba, don na ba taga baya, shi ne kyamarar waya takan bi abin da ya fi haske. Cikin shagonmu duhu ne, titi kuwa rana tsaka. Sai ga wata baƙar inuwa ta shigo tana dafe da ƙugu. Wata inuwar ta yi mata aski. Wata ta auna ta. Wata ta miƙa mata kwalba. A bayansu duka, daram a tsakiyar taga, jan allon Na-Tsallake yana ƙyalli, kowane harafi tsaf, lambar waya kamar an rubuta ta a goshin mai kallo. Gida bayan gida inuwoyi suna canzawa, allon bai gusa ba. Abu ɗaya na cikin shagon da ya fito da kyau shi ne tukunyar fure, don tana bakin taga. A ƙarshe aka nuno tafin ƙafafu biyu, kiɗa ya yi sama, kyamara ta ɗago a hankali ta tsaya a kan allon.

Ba wanda ya tafa. Cikin shirun nan wayar Na-Tsallake ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya ce e, nan ne, akwai mai faɗi akwai madaidaiciya. Yana ajiyewa ta sake ƙara.

Tela ne ya fara miƙewa. Ya ce shi ya hana kansa hutu ya zana gidansa da hannunsa, ya zaɓi inda zai tsaya, ga shi an mai da shi kamar aljani. Mai Aski ya ce ai gara Tela, shi sau uku ana goge shi yana dawowa. Mai Kemis ta ce in ana maganar gogewa, wasu su yi shiru. Jama'a suka fara dariya daga baya, dariyar tana tahowa gaba benci-benci.

"Ashe kai ne hannun nasa?" wani ya tambayi Mai Aski.

"Mu uku ne. Ƙwaƙwalwar ce dai ba mu san wanda ya riƙe ba."

Darakta ya ɗaga hannu ya ce shi ya bar ƙofa a buɗe da gangan, don jagora na gari yakan sa mabiyansa su zaci su suka yi tunanin. Babban ɗan ƙanena ya tambaye shi, allon maƙwabci kuma wa ya yi tunaninsa. Darakta ya buɗe kwamfuta da sauri, ya faɗaɗa zanen ɗakin, ya juyo da shi ga jama'a. Ta cikin tagar zanen, jikin ginin da ke tsallake, akwai wani ɗan fili mai kusurwa huɗu.

"Ga shi nan," ya ce. "Tun farko yana ciki. Ku nuna mini inda na saɓa wa Tsari."

Ba wanda ya iya nunawa. Ana cikin haka wata tasi ta tsaya, wata mata mai kamala ta sauko da waya a hannu. Ta ratsa bencuna ta zo wurin ƙanena, da yake shi ne ya fi kama da mai amana, ta gaishe shi, ta nuna masa bidiyon, ta ce shagon nan take nema, katifa biyu take so. Yana zaune a ƙofar shagonsa, katifu a bayansa har rufi. Ya dubi wayar, ya ga ƙafafunsa. Ya miƙe ya nuna mata tsallake, ya ce ta kula da mashina wajen ƙetarewa.

'Ya'yansa suka dubi juna. Auta ta sunkuyar da kai. Na ga ƙanena ya sa hannu a aljihun da makulli yake, bai fitar ba.

Na-Tsallake ya sallami matar ya dawo yana share ido. Ya riƙe hannun ƙanena da hannu biyu, ya ce ya zauna wurare da yawa bai taɓa ganin maƙwabci irin wannan ba, mutum ya fasa bangonsa don ya tallata abokin hamayya. Ya ce shi bai fahimci inuwoyin ba, amma ya san aikin manya in ya gani. Yana roƙon alfarma ɗaya, a ara masa Darakta ya yi masa babba, na musamman, a cikin nasa shagon, zai sakar masa komai.

Darakta ya gyara wuyan riga ya ce zai duba ko yana da sarari. Auta ta buɗe baki, ubanta ya ɗaga mata yatsa. Ya daɗe yana kallon ƙofar Na-Tsallake, sannan ya juyo ya ɗaga kai ya kalli saman tasa ƙofar, inda ɗan ƙaramin allonsa yake.

"Na ba ka shi," ya ce. "Amma ka ji shawarata ta dattijo. Kada ka sa masa baki. Inda ya ce kyamara ta tsaya, nan za ta tsaya. Kada ka bari a saɓa wa Tsari ko da tsinke."

Darakta ya ce a duk titin nan Baba kaɗai ya fahimce shi. Ƙanena da kansa ya ɗauki sandar mai ƙafa uku ya kai masa tsallake.

Washegari na iso na tarar da shi a kan tsani, gwangwanin fenti rataye a wuyan hannu, ya ƙara wa allonsa katako hagu da dama har ya kusa taɓa na Mai Aski. Mutum ne da likita ya hana hawa ko kujera, ga shi can sama, burushin yana ɗiga a kan hularsa. Na riƙe masa tsanin. Ya gama sunan, ya rubuta lambar waya da manyan baƙaƙe.

"Yaya," ya ce, bai waigo ba, "ƙetara ka shiga shagon Na-Tsallake ka gaishe shi. Ka je can ƙurya ka juyo, ka gaya mini ko tana karantuwa daga can."

Na ƙetara, na yi gaisuwa, na je ƙurya na juyo. Tana karantuwa. Na dawo na ce masa ya ƙara wa bakwai ɗin kauri.